Wayar Iska: Tarihin Hanyoyin Aika Saƙo Ba Tare da Waya Ba



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne hanyoyin da saƙo ke bi daga wannan na'ura zuwa waccan ba tare da an shimfiɗa waya a tsakaninsu ba. Iyayenmu sun raɗa wa abin suna tun zamanin Turawa, suka ce wayar iska. Sunan ya yi daɗi, sai dai iska ba ita ke ɗaukar saƙon ba, domin kuwa yana ratsa sararin samaniya inda babu iska ko kaɗan. Littattafan makaranta sukan kasa hanyoyin nan gida huɗu, watau igiyar rediyo, da siririyar igiya da ake kira maikurowef, da tauraron ɗan Adam, da kuma haske. Ni zan bi su ta hanyar tarihi, domin ta nan ne za a ga dalilin da ya sa aka koma ga kowace, da kuma abin da aka sadaukar kafin a same ta.

Aika saƙo daga nesa ba baƙon abu ba ne a ko'ina. Tambarin sarki da kugen yaƙi sun yi wannan aiki a ƙasarmu. A Faransa kuwa, a 1794, Claude Chappe ya jera hasumiyoyi daga Faris zuwa Lille, kowace da wasu hannuwan katako a kanta. Mai gadin wannan ya hango alamar waccan da madubin hangen nesa, ya kwaikwaya, na gaba shi ma ya ɗauka. In dare ya yi ko hazo ya sauka, shi ke nan aiki ya tsaya. Ina roƙonku ku riƙe siffar hasumiyoyin nan a zuciya, za mu sake haɗuwa da su bayan shekara 150 cikin wata kama.

Asalin wayar iska ta zamani lissafi ne a kan takarda. A 1865 wani masani ɗan Sikotilan, James Clerk Maxwell, ya buga lissafin da ya nuna cewa lantarki da maganaɗisu, in suna kaɗawa, sukan haifar da wata igiya mai tafiya da kanta, gudunta daidai da gudun haske, kimanin kilomita 300,000 a sakan ɗaya. Daga nan ya yanke cewa hasken ma irin wannan igiyar ce. Ya rasu a 1879 bai ga tabbacin maganarsa ba. Sai a 1887 da 1888 Heinrich Hertz ya tabbatar da ita a garin Karlsruhe na Jamus: ya sa tartsatsin wuta ya yi tsalle a wannan gefen ɗaki, sai ga ɗan ƙaramin tartsatsi ya bayyana a jikin wani zoben ƙarfe a wancan gefen, alhali babu abin da ya haɗa su.

A nan tilas in tsaya in kafa ƙa'ida guda, domin duk sauran bayanin a kanta ya rataya. Igiyoyin nan duka dangi ɗaya ne, gudunsu ɗaya, bambancinsu kawai yawan kaɗawa. Wadda ke kaɗawa a hankali zangonta dogo ne, wadda ke kaɗawa da sauri zangonta gajere. Idan mai gabatar da shiri ya ce ku kama mu a kan mita 49, nufinsa tsawon igiyar mita 49 ne, tana kaɗawa kimanin sau miliyan 6 a sakan. Doguwar igiya kamar raƙumi take, tana cin nisa, tana zagaye dutse, amma kayan da take ɗauka ƙayyadadde ne. Gajeriyar igiya kamar jirgin ƙasa take, tana ɗaukar kaya mai yawa, amma sai an share mata miƙaƙƙiyar hanya. Claude Shannon ya ba wannan magana ƙafar lissafi a 1948, ya nuna cewa yawan bayanin da hanya za ta iya ɗauka ya danganta ga faɗin zangon da aka ba ta da kuma yadda ƙarfin saƙon ya rinjayi hayaniya. Faɗi kuwa a can wajen gajerun igiyoyi yake da yalwa.

Mutane da dama sun ɗora a kan aikin Hertz. Jagadish Chandra Bose ya yi gwaji a Kalkata da igiyoyi 'yan milimita kaɗan, Alexander Popov ya yi nasa a Rasha a 1895. Amma wanda ya mai da abin sana'a shi ne Guglielmo Marconi, saurayi ɗan Italiya, wanda ya fara gwaji a gidan mahaifinsa kusa da Bologna a 1895, ya koma Ingila a 1896 ya kafa kamfani daga baya. A 1899 saƙonsa ya ƙetare mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa. Ya ba da sanarwa cewa ran 12 ga Disamba 1901 yana tsibirin Newfoundland ya ji ɗigo uku na harafin S da aka bugo daga Poldhu a kudu maso yammacin Ingila, nisan da ya haura kilomita 3,000. Har gobe akwai masana da ke tababar ko abin da ya ji ran nan saƙo ne ko kuwa ƙarar sararin sama, sai dai gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna lalle ana iya ƙetare tekun.

Wannan ya ɗaure wa masana kai. Duniya a dunƙule take, igiya kuma ya kamata ta miƙe ta wuce sama, to, me ya lanƙwaso ta? A 1902 Arthur Kennelly a Amurka da Oliver Heaviside a Ingila, kowa da kansa, suka ce akwai wani rufi can sama, inda hasken rana ya cika iska da lantarki, shi ke mayar da igiyar ƙasa kamar yadda bango ke mayar da amsa-kuwwa. Edward Appleton ya auna rufin nan a 1924, ya sami lambar Nobel a 1947.

Teku ce ta fara nuna amfanin abin, da kuma haɗarin barinsa sakaka. Da jirgin Titanic ya nutse a watan Afrilu 1912, mutum 700 da ɗoriya da suka tsira sun tsira ne domin jirgin Carpathia ya ji kiran neman agaji. Akwai wani jirgin da ya fi kusa, amma ma'aikacin wayarsa guda ɗaya ne, ya riga ya kashe na'ura ya kwanta. A shekarar ce Amurka ta yi dokar da ta wajabta lasisi ga duk mai watsa saƙo. Cikin dokar aka ware dogayen igiyoyi, waɗanda ake ganin su ne masu daraja, aka bai wa soja da kamfanoni, aka kora 'yan sha'awa masu ƙera na'ura a gida zuwa mita 200 da abin da ya yi ƙasa, a kan zaton fako ne, ba abin da zai tsiro a wurin. Ashe a nan albarkar take. A watan Nuwamba 1923 wani ɗan sha'awa a garin Nice na Faransa ya yi musayar saƙo da 'yan'uwansa a Amurka a kan zangon da bai wuce mita 100 da 'yan kai ba, da ƙarfin wutar da bai taka kara ya karya ba in an gwada da na manyan tashoshi. Gajeren zango ne rufin sama ya fi mayarwa. Kafin shekarun 1920 su ƙare, tashoshin gajeren zango sun janye ciniki daga kamfanonin wayar ƙarƙashin teku har aka tilasta haɗa su wuri guda a 1929, kamfanin da aka sa wa suna Cable and Wireless a 1934.

Kada a ɗauka duk wannan labarin can nesa ya faru. Jamusawa, da yake sun san Ingila ce ke riƙe da yawancin wayoyin ƙarƙashin teku, sun gina babbar tasha a Kamina kusa da Atakpame a ƙasar Togo, wadda ke magana kai tsaye da tashar Nauen kusa da Balin, nisan fiye da kilomita 5,000, tana kuma isar da saƙo ga sauran ƙasashen da suke mulka a Afirka da jiragensu na teku. An gama ta a 1914. Da aka soma yaƙi a watan Agusta, Ingilishi suka datse wayoyin Jamus na ƙarƙashin teku tun a kwanakin farko, Kamina ta zama kunnen Jamus a wannan nahiya. Saboda ita ne sojan Gwalkwas, rundunar da asalinta ya samo daga dakarun Hausawa na ƙarni na 19, suka kutsa Togo daga yamma, na Faransa daga gabas. Jamusawa suka rushe tashar da hannunsu daren 24 ga Agusta, suka miƙa wuya ran 26. Ke nan ɗaya daga cikin yaƙe-yaƙen farko na Yaƙin Duniya na Ɗaya an yi shi ne a Afirka ta Yamma, a kan turakun eriya.

Gajeren zango shi ya kawo mana muryoyin duniya. BBC ta buɗe shirinta na ƙasashen daular Ingila a 1932, Sashen Hausa kuma a 1957. Abin dariya, rediyon da talaka ya fara ji a garuruwanmu ta waya yake zuwa: tasha ɗaya ke kamo shirin daga iska, sa'an nan a rarraba shi ta waya zuwa akwatunan da aka kafa a gidaje, a Ikko tun 1935, a Kano tun 1944. Amma gajeren zango yana da aibu biyu. Rufin sama ba ya zama wuri ɗaya, yana sauyawa tsakanin dare da rana, da kuma bisa ga zagayen shekara 11 na tabon da ke fuskar rana, shi ya sa murya kan tafi ta dawo kamar ana kaɗa ta da mafici. Sa'an nan kuma wurin ƙunci gare shi. Duk faɗinsa bai kai ya ɗauki tashoshin talabijin biyar irin na da ba.

Neman yalwa ne ya kai mutane ga siririyar igiya. A 1931 aka gwada aika magana tsakanin gaɓar Ingila da Calais a kan igiya mai tsawon kimanin santimita 18, da faranti mai tattara ta wuri guda kamar yadda tocila ke tattara haske. Yaƙin Duniya na Biyu ya gaggauta aikin, domin na'urar hango jiragen sama tana bukatar irin wannan igiya, kuma a 1940 Randall da Boot suka ƙera bututun da ke samar da ita da ƙarfi a Jami'ar Birmingham. Bayan yaƙi kamfanin AT&T ya haɗa New York da Boston a 1947, a 1951 kuma ya ratsa Amurka daga gabas zuwa yamma da tashoshi fiye da 100, tsakanin kowace da 'yar'uwarta kimanin kilomita 50. Ga hasumiyoyin Chappe sun dawo. Siririyar igiya ba ta lanƙwasa, rufin sama ba ya mayar da ita, saboda haka dole wannan faranti ya hango wancan. In kun ɗaga kai kun dubi turakun wayar salula a bakin hanya, za ku ga wasu abubuwa masu kama da ganga maƙale a jikinsu; aikinsu ke nan, miƙa kaya daga turke zuwa turke.

Ba a kafa hasumiya a tsakiyar teku. To, a 1945 Arthur C. Clarke ya rubuta a mujallar Wireless World cewa a ɗaga hasumiyar a kai ta sama. In an ajiye na'ura a nisan kilomita 35,786 bisa tsakiyar duniya, za ta riƙa kewayawa daidai da juyawar ƙasa, mai kallo daga ƙasa ya gan ta kamar a tsaye take, guda uku kuma sun isa su game kusan duniya duka. Rasha ta harba Sputnik a 1957, Telstar ya ƙetarar da hoton talabijin a kan Tekun Atlantika a 1962. A nan ma ƙasarmu tana cikin labarin tun farkonsa. Hukumar sararin samaniya ta Amurka ta kafa tasha a Kano don bin sawun kumbon da ya ɗauki John Glenn a 1962. Ran 23 ga Agusta 1963 kuma Shugaba Kennedy ya yi magana da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron Syncom 2, ta hannun wani jirgin ruwan Amurka mai suna Kingsport da ke tsaye a tashar Ikko. Wannan ce magana ta farko tsakanin shugabannin gwamnati biyu ta tauraron ɗan Adam. A 1965 aka harba Early Bird mai ɗaukar maganar tarho 240 a lokaci guda, a 1971 Nijeriya ta buɗe tasharta a Lanlate, daga baya aka ƙara ta Kujama kusa da Kaduna.

Tauraro ma da nasa harajin. Hawa da sauka kilomita 72,000 ne, watau kimanin rubu'in sakan kafin maganarka ta isa, wani rubu'in kafin amsa ta dawo. Waɗanda suka yi tarho zuwa ƙasashen waje a wancan zamani sun san yadda mutum biyu kan yi ta cin karo da maganar juna. Ruwan sama kuma yana shanye igiyar da ta yi siranta ƙwarai, shi ya sa hoton faranti kan daskare in hadari ya haɗu. Wurin ajiye taurarin nan ma zobe ɗaya ne tak, har a 1976 wasu ƙasashen da ke kan tsakiyar duniya, ciki da Kenya da Uganda da Zayar, suka taru a Bogota suka ce abin da ke bisa kansu nasu ne. Duniya ba ta karɓi da'awar ba, amma ƙorafin da ke ƙarƙashinta, cewa wanda ya riga zuwa ya mamaye wuri, gaskiya ne. Nijeriya ta harba NigComSat-1 daga Sin a 2007, ya mutu a 2008 saboda matsalar fukafukansa masu tara hasken rana, aka maye gurbinsa a 2011. Dubban ƙananan taurari irin na Starlink, da ke yawo a nisan kimanin kilomita 550, sun rage jinkirin. Sun fara aiki a Nijeriya a watan Janairu 2023.

Haske ba zai ɗauke mu lokaci ba. William Herschel ya gano a 1800 cewa bayan launin ja akwai wani hasken da ido ba ya gani, amma ma'aunin zafi yana jin sa. Alexander Graham Bell ya aika murya a kan hasken rana a 1880, nisan mita 200 da 'yan kai. Ɓoyayyen hasken nan shi ke cikin rimot ɗin talabijin. Ba ya ratsa bango, hazo kuma maƙiyinsa ne, saboda haka a fili bai yi nisa ba. Sai da aka kulle shi cikin zaren gilashi sa'an nan ya gagara, amma wannan ya koma sahun waya.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu tangaraho ne da murya da hoto. Shigowar kwamfuta ta kawo sabuwar tambaya: yaya na'urori da yawa za su yi tarayya a kan zango ɗaya? Jami'ar Hawaii ce ta fara amsawa, domin rassanta a warwatse suke a tsibirai, kuɗin hayar waya kuma ya yi yawa. A 1971 Norman Abramson da abokan aikinsa suka kafa tsarin ALOHA. Dabararsu mai sauƙi ce har ta yi kama da wauta: a yayyanka bayani ƙunshi-ƙunshi, duk na'urar da ke da ƙunshi ta jefa shi kawai, in bai isa ba saboda ya yi karo da na wata, kowace ta ɗan jira gwargwadon abin da ƙuri'a ta ba ta, ta sake jefawa. Haka mutane masu ladabi ke yi a zaure in biyu suka soma magana tare. Gudunsa ɗigon bayani 9,600 ne a sakan. A kan wannan tunani Robert Metcalfe ya gina Ethernet a 1973, daga gare shi kuma Wi-Fi ya gāji hanyar raba magana.

Sai tarihi ya maimaita kansa. Akwai wani yanki wajen kaɗawa miliyan 2,400 a sakan, tsawon igiyarsa kimanin santimita 12, da aka bar wa injunan masana'antu da na asibiti da murhun ɗumama abinci, ana ganinsa juji ne saboda hayaniya. A 1985 hukumar sadarwa ta Amurka ta ce kowa ya shiga ba da lasisi ba, muddin ƙarfin na'urarsa kaɗan ne, kuma tana baza saƙonta yadda za ta jure hayaniyar. A wannan jujin aka sami ƙa'idar Wi-Fi ta farko a 1997, mai ɗigo miliyan 2 a sakan, ta koma miliyan 11 a 1999. A nan kuma Bluetooth ya tsiro, wanda aka fara aikinsa a kamfanin Ericsson a 1994, yana tsalle tsakanin ƙananan zanguna 79 sau 1,600 a sakan don kauce wa karo. Sau biyu ke nan, a 1912 da 1985, yankin da hukuma ta raina ta sakar wa jama'a shi ya fi ba da amfani. A ganina wannan abin lura ne ga ma'aikatanmu da ke zaune a kan rabon zango, domin hankalinsu ya fi karkata ga abin da za a sayar.

Ba na cewa sayarwa laifi ce. Wayar salula ba ta yiwuwa sai da keɓaɓɓen zango. Tunaninta ya fito daga ɗakin binciken Bell a 1947: a yayyanka gari gida-gida kamar saƙar zuma, kowane gida da turkensa mai ƙaramin ƙarfi, yadda za a sake amfani da zango ɗaya a gidan da ke can gaba ba tare da sun dami juna ba. Martin Cooper na kamfanin Motorola ya yi kiran farko da wayar hannu a 1973, Tokyo ta buɗe wa jama'a a 1979, tsarin GSM ya fara a Finlan a 1991. A watan Janairu 2001 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, ƙarƙashin Injiniya Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon zango a bainar jama'a, lasisi ɗaya ya tashi dala miliyan 285, MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta. Kafin nan layukan tarho masu aiki a ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba, bayan shekaru fiye da 100 da shigowar waya. Nasarar gwanjon nan, a nawa hukuncin, ta fi dogara ga yadda aka yi shi a fili fiye da yawan kuɗin da aka tara. A watan Disamba 2021 aka sake yin wani don tsarin 5G, MTN da Mafab suka biya dala miliyan 273.6 kowannensu. Sauƙin kafa turke kuma shi ne sauƙin kashe shi, kamar yadda mutanen Zamfara suka gani a watan Satumba 2021, sa'ad da aka rufe layukan jihar baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, ɗan kasuwa da majinyaci suka shiga duhu tare da ɓarawo.

Saƙon da ɗalibi ya aika daga wannan zaure a iska yake tafiya, amma 'yan mitoci ne zuwa akwatin Wi-Fi, ko 'yan kilomitoci zuwa turke. Daga nan yakan bi faranti zuwa faranti, ko ya faɗa zaren gilashi zuwa Ikko, ya nutse cikin teku. Fiye da kashi 95 cikin 100 na bayanan da ke ƙetare nahiyoyi ta wayar ƙarƙashin teku suke bi. Ran 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a teku daura da gaɓar Kwaddibuwa. Turaku suna tsaye, wayoyin hannu suna nuna cikakken sabis, amma bankuna da ofisoshi daga Laberiya da Gana har Nijeriya suka yi ta fama, kuma sai da aka ɗauki makonni jiragen gyara suna aiki kafin wayoyin su koma daidai.